Yaya za a shirya cikin tankin gilashi don gwando da kurungu da ire-irensu?

Malam Nasiru, Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. An haɗa mini tankin gilashi mai tsawon santimita 180, faɗi 60, tsayi 60, da gilashi mai kaurin milimita 12, kuma niyyata in zuba kifayen da ke zama a ƙasan ruwa suna farauta. A yanzu ina da gwando biyu da kurungu uku a cikin wani tankin roba a tsakar gida, sannan akwai wanda ya yi mini alkawarin minjirya. Abin da ya tsaya mini shi ne adon ciki. Wanda ya haɗa tankin ya ba ni shawarar in shimfiɗa tsakuwa mai launi-launi, in jera duwatsu a baya su tashi sama, in dasa furannin roba, in kuma sa fitila mai haske sosai. A ido abin zai yi kyau, amma hankalina bai kwanta ba, domin duk lokacin da na leƙa tankin robar sai in tarar kifayen sun cusa kai inda ya fi duhu. Me ya kamata in shimfiɗa a ƙasa, kuma me zan tanadar musu su ɓuya a ciki?

Alhaji Garba mai kifi, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, hankalinka ya yi daidai da bai kwanta ba. Mu da muka taso a gidan masunta a Wudil mun san inda ake samun kowane kifi, kuma babu ɗaya daga cikin waɗanda ka ambata da ke son sarari mai haske. Gwando yana kwanciya ne a gefen ruwa mara zurfi, cikin ciyawa da laka, ganinsa ba shi da ƙarfi, da hanci yake bin abinci, kuma sai yamma ta yi yake fara yawo. Kurungu kuwa yana maƙalewa a saiwoyin bishiya da kututturen da suka nutse. Duk wanda zai yi musu gida sai ya fara tuna cewa cikinsu a ƙasa yake kwana ya wuni, saboda haka abin da aka shimfiɗa a ƙasa ya fi duk wani abin da za a jera a sama muhimmanci.

Maganar minjirya kuma, ina roƙonka ka ajiye ta gefe. Wannan kifi ba a haɗa shi da kowa. Ko masunci da ya saba da ruwa yana kaffa-kaffa da ita idan ta faɗo koma, balle a kulle ta wuri guda da gwando.

Dakta Aminu, Kabuga:

Ina goyon bayan Alhaji a kan minjirya. Babba daga cikinsu tana iya sakin lantarki da ya kai kusan bolt 350, da shi take sumar da abin da za ta ci, da shi kuma take kare raminta, don haka tankinta daban ne, ita kaɗai.

A kan shimfiɗar ƙasa kuwa, ra'ayina zai saɓa wa na mutane da yawa a nan. Ni ina ganin a bar gilashin ƙasa haka nan ba yashi ba tsakuwa. Kifin da ke cin nama yana fitar da ƙazanta mai yawa, kuma daga ita ce amoniya ke tashi, wadda ƙwayoyin halittar da ke cikin matata, wato na'urar tace ruwan tanki, suke juya ta zuwa naitirait, daga nan zuwa naitiret. Kafin waɗannan ƙwayoyi su kafu a sabon tanki akan ɗauki mako huɗu zuwa shida. To mu a Kano, da za a iya ɗauke wuta a wuni ba a dawo da ita ba, matata takan tsaya, ƙwayoyin su rasa iska, su fara mutuwa. A irin wannan hali, duk guntun naman da ya ɓuya a cikin tsakuwa ya zama guba. Idan ƙasa a fili take, kana ganin kashi da ragowar abinci, ka sa tiyo ka zuƙe su nan take. Tsakuwar nan mai launi ita ce mafi muni, domin gwando da ƙarfi yake zuƙo abinci, yakan haɗa da ƙwayar tsakuwa ya haɗiye, idan ta tsaya masa a hanji kuwa babu abin da za mu iya yi masa.

Hajiya Rabi, Nassarawa:

Dakta, Allah ya ƙara sani, amma a nan ban bi ka ba. Abin da ka kwatanta ɗakin jinya ne, ya dace da kifin da ba shi da lafiya ko wanda aka kawo daga kogi ake sa masa ido kafin a haɗa shi da sauran. Malam Nasiru kuwa gida yake so ya yi musu na shekaru. Na ga gwando a kan gilashi tsirara, kuma abin tausayi ne: yana dogara fikafikansa na gaba zai tsaya, suna zamewa, ga hasken fitila yana dawo masa daga ƙasa, launinsa ya koɗe. Da aka shimfiɗa masa yashi mai ɗan duhu, zanen jikinsa ya fito, ya koma yawonsa a natse. Kurungu ma da gashin bakinsa yake tona ƙasa yana neman abinci, wannan ɗabi'arsa ce, kuma hana shi ita ba ƙaramin abu ba ne.

Na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa tsakuwa ba ta da wuri a wannan tanki. Amma yashi mai laushi daban ne. Ƙazanta ba ta nutsewa a cikinsa, a samansa take zama, ana ganinta kamar yadda ake gani a kan gilashi.

Dakta Aminu, Kabuga:

Hajiya, ina jin ki. Sai dai ki faɗa masa kaurin da za a zuba, domin na sha ganin mutum ya zuba yashi ya kai tsawon yatsa ko fiye, bayan 'yan watanni ƙarƙashinsa ya yi baƙi, idan aka tona sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi. Wannan iskar ita ce haidurojin salfaid, tana taruwa ne inda iska ba ta shiga, kuma tana kashe kifi.

Hajiya Rabi, Nassarawa:

Gaskiya ne, kuma a nan ba mu da saɓani. Santimita 2 zuwa 3 ya isa, kada a wuce haka, kuma duk ranar canjin ruwa a bi shi da yatsu a motsa. Idan bai yi kauri ba, kurungun da kansu za su riƙa juya shi.

Alhaji Garba mai kifi, Sabon Gari:

Tun da an tsaya a kan yashi, bari in ja kunne game da inda za a ɗebo shi. Ba kowane yashin da tifa ta sauke a bakin gini ne zai yi ba. Wani yana da kaifi, idan ka murza shi a bayan hannunka za ka ji yana karce ka, to haka zai ci gashin bakin kurungu har ya guntule, kuma kurungu ba shi da ɓawo a jiki irin na gwando, fata ce kawai. A nemi na kogi, mai laushi, wanda ruwa ya daɗe yana gogawa. Kada kuma a kuskura a ɗebo daga Jakara, ko daga ɓangaren kogin Challawa da ruwan majemu da masana'antu ke gangarawa, domin abin da ya shiga wannan yashi wanki ba ya fitar da shi. Gara a sa wani ya kawo daga sama, wajen Tiga ko Ƙaraye. Idan ya zo a tankaɗe shi da rariya, a yi ta wankewa a bokiti ana zubar da ruwan har sai ya fito garau, sannan a shanya shi a rana ya bushe ƙayau. Ba a sa omo, ba a sa sabulu.

Injiniya Bashir, Sharaɗa:

Salamu alaikum. Kafin a kai ga ado ina so Malam Nasiru ya yi lissafin nauyi, domin mutane da yawa ba sa yi. Tankinka idan aka cika shi fal zai ɗauki lita 648. Ba za ka cika shi ba, tun da gwando yana da huhu kuma dole ya riƙa tasowa yana shaƙar iska, don haka a ce ruwan ya tsaya a santimita 50, wato lita 540, kilo 540 ke nan. Gilashin kansa, mai milimita 12, zai kai kusan kilo 120. Yashi mai kaurin santimita 3 a wannan faɗi zai yi wajen kilo 50. Ka ƙara duwatsu da itace, ka tasam ma kilo 750, nauyin buhun siminti 15 a kan wuri ɗan ƙarami. Teburin falo ba zai ɗauka ba. A yi masa mazauni na ƙarfe ko a gina dakali, a auna shi da ma'aunin ruwa irin na magina ya daidaita, a shimfiɗa farin soso mai tauri tsakanin gilashi da mazaunin.

Sai maganar duwatsun da aka ce a jera su tashi sama. Wannan ita ce shawarar da ta fi tayar mini da hankali. Babban kifi idan ya firgita cikin dare ƙarfinsa ya wuce yadda ake zato, bugu ɗaya zai ture dutsen da aka ɗora a kan wani, idan kuma ya faɗa wa gilashin gaba, ruwan nan duka a ɗaki zai ƙare. Idan har za a sa dutse, a sa manya guda biyu ko uku, masu santsi, masu faɗin gindi, kowanne yana zaune da kansa. A fara ajiye su a kan gilashi, da ɗan faifan roba a ƙarƙashinsu, sannan a zuba yashi a kewaye. Idan aka ɗora su a kan yashi, kifi zai tone ƙarƙashinsu su zame. Kowane dutse kuma ya fi bakin kifin girma nesa ba kusa ba.

Tsakuwar da ake fasawa don kankare tana da kaifi, ba ta yi ba. Marmara, jan dutsen nan, tana marmashewa ta rina ruwa ja. Dutsen da kake shakka, ɗiga masa ruwan tsami na binega, idan ya yi kumfa akwai farar ƙasa a jikinsa, zai ƙara wa ruwa nauyi, wato yawan gishirin ƙasa da ya narke a cikinsa, kuma ruwan rijiyoyinmu da na burtsatse a unguwanni da dama dama can yana da nasa nauyin.

Malam Nasiru, Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na janye maganar minjirya da tsakuwa da tsaunin duwatsu. To idan an cire waɗannan, a ina za su ɓuya? Akwai busasshen reshen aduwa a gidanmu mai kyan lanƙwasa, ina tunanin in wanke shi in sa.

Alhaji Garba mai kifi, Sabon Gari:

A'a Malam, kada ka sa aduwa ko kusa da tankin. Ɓawon aduwa yana cikin abubuwan da mutanen da suke dakawa su zuba a kududdufi don kifi ya bugu ya taso, kamar yadda ake yi da magimfa. Haka nan ka nisanci darbejiya saboda ɗacinta, da bishiyar turare saboda manta, da duk wani icen da ke fitar da farin ruwa idan an sare shi. Katakon kafinta ma bai yi ba, domin yawanci an shafa masa maganin gara.

Itacen da na fi amincewa da shi shi ne wanda ya riga ya shekara da shekaru a cikin ruwa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ruwa ya shanye bishiyoyi masu yawa, kuma har gobe masunta suna fama da kututture da saiwoyi da ke kama musu koma. Irin wannan ice ɓawonsa ya tafi, ruwan jikinsa ya fita, ya yi nauyi yana nutsewa da kansa, kuma kifin nan a jikin irinsa suka girma. Ka sa a nemo maka saiwa mai rassa wadda za ta yi rumfa a ƙasa. Ka kankare ta da burushi, ka cire duk inda ya yi taushi, ka goge tsinin da zai iya yaga fata, ka kwarara mata tafasasshen ruwa, sannan ka jiƙa ta a duro na wasu makonni kana canja ruwan. Za ta ɗan rina ruwan tankin ya yi kalar shayi mara kauri, wannan ba ya cutar da su.

Injiniya Bashir, Sharaɗa:

Ni kuma bututun roba na ruwa nake ba da shawara, irin wanda ake samu a Ƙofar Ruwa, mai faɗin inci 4 ko 6. Ba ya ruɓewa, ba ya canja ruwa, ba shi da nauyin da zai fasa gilashi, ana kuma ciro shi a wanke. A yanka shi ya ɗan fi kifin tsawo, a goge bakinsa da takardar yashi. Wanda ke ganin muninsa ya shafa masa silikon a waje ya birgima shi a cikin yashi, ya bar shi ya bushe sosai, zai saje da ƙasa. Sai dai a tabbata silikon ɗin na tankin kifi ne, domin wanda ake liƙe banɗaki da shi akan haɗa shi da maganin fumfuna, kuma wannan magani guba ne ga kifi.

Hajiya Rabi, Nassarawa:

Injiniya, bututu yana aiki, ban musa ba, amma ga tukwanenmu na ƙasa me ya sa za mu tsallake su? Tulu ko tukunya sabuwa, wadda ba a shafa mata fenti ba, ba a kuma taɓa zuba mata mai ko turare ba, idan aka kwantar da ita a gefe ta zama kogo, kuma jan launinta yana haɗuwa da yashi da itace ya ba da kyan da roba ba za ta taɓa bayarwa ba. Sharaɗi ɗaya ne: a fasa gindinta a buɗe ƙofa ta biyu mai faɗi, a goge bakin. Tulu mai ƙaramin wuya tarko ne. Kifi yakan shiga yana ƙarami ya saba da wurin, ya yi ta girma, wata rana ya shiga ya kasa fita.

Dakta Aminu, Kabuga:

Wannan batu na Hajiya a riƙe shi da kyau, musamman saboda kurungu. Yana da ƙaya mai ƙarfi a baya da kuma gefe biyu, idan ya tsorata yakan miƙe su ya kulle, kuma a wannan hali ba ya fita ta ramin da ya shiga. Saboda haka faɗin kowace maɓoya a auna shi da kifin da ƙayoyinsa a buɗe, a kuma ƙara, kuma duk bayan 'yan watanni a sake dubawa a canja wadda ta yi kaɗan. Ga gwando kuma abin ya fi haɗari, domin idan ya maƙale ya kasa tasowa ya shaƙi iska yana iya mutuwa a cikin ruwan.

Adadin maɓoya ya fi adadin kifi. Kifi biyar, a yi wuri shida ko bakwai, a rarraba su ƙarshen tanki biyu, kada ƙofofinsu su kalli juna, domin kurungu yana da kishin raminsa. Amma duk da haka a bar tsakiya da gaba fili, aƙalla rabin ƙasan tankin, inda dogon kifi zai miƙe ya juya ba tare da ya goga jikinsa da komai ba. A nan ne kuma za a riƙa ajiye abinci, a ga wanda ya ci da wanda bai ci ba.

Mustapha, ɗalibi, Rijiyar Zaki:

Iyayena da yayyena, ina gaisuwa. Ina bin wannan muhawara ina ƙaruwa. Ina da tambaya biyu. Shin tsire-tsire masu rai za su zauna da irin waɗannan kifaye? Na biyu, na ga ana sayar da wani ɗan kifi mai kama da tarwaɗa, mai jan wutsiya da farin ciki, bai fi yatsa ba, shin zai shiga tanki irin na Malam?

Hajiya Rabi, Nassarawa:

Mustapha ɗana, duk abin da aka dasa a cikin yashi za su tumɓuke shi. Abin da ke zama shi ne wanda ake ɗaurawa a jikin itace, kamar Anubias, wanda asalinsa ma daga dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yake, har da kudancin Nijeriya da Kamaru. Ganyensa yana da kauri, ba ya son haske mai yawa, ana ɗaure shi da zare a bar jijiyarsa mai kauri, wadda ganye ke fitowa daga jikinta, a waje, idan aka binne ta ruɓewa take. A sama kuma ga kainuwa, tana yi musu inuwa, saiwoyinta suna shan naitiret daga ruwa. Amma a riƙa rage ta, kada ta rufe fuskar ruwan duka ta hana gwando wurin shaƙar iska, kuma wadda aka ɗebo daga kududdufi a wanke ta a ajiye ta daban tukuna saboda matsattsaku da ƙwayayen ƙwari. Furannin roba masu waya a ciki kada a sa, suna yanka kuma ana haɗiye gutsattsarinsu. Fitila mara ƙarfi ta isa, a kuma liƙa baƙar takarda a bayan tankin ta waje.

Dakta Aminu, Kabuga:

Tambayarka ta biyu, Mustapha, amsarta a'a ce. Wannan kifi daga kogin Amazon na Kudancin Amurka yake, yana wuce mita guda a tsawo, kuma yana haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa, har duwatsu da sassan matata. Tankin Malam ba zai riƙe shi ba, sai dai kududdufin siminti. Haka tarwaɗarmu da ramboshi, su ma suna wuce mita. Gaiwa kuma tana kusan mita, tana da cizo mai tsanani, ita ma zaman kaɗaici take yi. Shi kansa gwandon Malam ya kamata a san irinsa, domin ƙaramin nau'in yakan tsaya wajen santimita 30 a tanki, amma babban, mai faɗin kai da baƙaƙen zane a jiki, yana wuce 60. Idan babban ne, faɗin santimita 60 zai zo ya yi masa kaɗan wajen juyawa, kuma duk kurungun da ya shiga bakinsa zai gwada haɗiye shi, ƙayar ta tsaya masa a maƙogwaro.

Malam Nasiru, Gwammaja:

Dakta, nawa ba su da zane, launinsu toka-toka ne bai ɗaya, kansu kuma bai yi faɗi ba. Zan ɗauki hotonsu da rana in turo a tabbatar. Akwai abin da ya rage game da murfi da hita, wato na'urar ɗumama ruwa? An ce mini a Kano ba a bukatar hita.

Injiniya Bashir, Sharaɗa:

Wanda ya faɗa maka haka ya tuna bazara ne ya manta da hunturu. Waɗannan kifaye sun fi sakewa a ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28, kuma a daren Disamba da Janairu sanyin garin nan yana sauka ƙasa da haka sosai. Ka sa hita, amma ka sa ta cikin kejin roba mai huji-huji ko ka ɓoye ta cikin akwatin matata, domin kifin ƙasa yana son ya jingina da abu ya kwanta, kuma kurungu zai ƙone fatarsa a jikinta, babba kuma yana iya fasa ta. A watan Afrilu matsalar juyewa take yi, sai a nisanta tankin daga taga, a sa fanka ta riƙa busa fuskar ruwan.

Murfi kuwa wajibi ne, mai nauyi, kuma a toshe duk wata kafa da waya ko tiyo ya bi da soso, domin gwando yana fita ta ramin da ba za ka yi zato ba. A bar tazarar santimita 10 ɗin nan tsakanin ruwa da murfi, a yi 'yan ƙananan huji don iska ta riƙa shiga, wannan zai taimaki kainuwar Hajiya ma, wadda ke ruɓewa idan raɓar murfi tana ɗiga mata. Kuma tun da Dakta ya ambaci ɗaukewar wuta, ka nemi ƙaramin famfon iska mai batir ko mai aiki da sola ka haɗa shi da matatar soso a kusurwa ɗaya, bayan tukunya, inda kifi ba zai ture ta ba.

Dakta Aminu, Kabuga:

Idan za a sa famfon mai batir, to na sassauta a kan yashi, da sharaɗin kaurin da Hajiya ta faɗa. Amma tankin robar da ke tsakar gida kada a rabu da shi, a bar shi ba yashi ba komai sai guntun bututu, domin duk sabon kifin da aka kawo daga kogi a can zai fara zama wata guda ana duba shi. Kuma Malam, kada ka kwashe su biyar ɗin ka zuba rana ɗaya. Ka ɗauki sosan matatar tsohon tankin ka sa a sabon, ka fara da gwando biyu, sai bayan mako biyu kurungu su biyo baya. Idan ruwan famfo za ka yi amfani da shi, ka sa maganin kashe kulorin kafin ya taɓa matatar.